Nazarin Lamari: Amfilifayar Gida da Aka Canza wa Kafasita Sau Uku Kafin Ta Daidaita

Wani malamin fasaha a wata sakandare a Kano ya haɗa amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, da hannunsa don amfanin gida. Ta yi masa aiki shekara uku da 'yan watanni ba tare da ya ko buɗe murfinta ba. A shekara ta huɗu kafasitocinta suka gaji, shi kuma ya ga dama ta samu ya ɗaga darajar na'urar gaba ɗaya. Abin da ya biyo baya ya ɗauke shi daga watan Maris zuwa watan Yuni, ya ci masa kuɗi fiye da yadda ya yi tsammani, kuma saura ƙiris taransifoma ta ƙone.

Yadda aka haɗa ta tun farko

Na'urar mai ɓangare biyu ce, hagu da dama, kowane ɓangare da aisi ɗaya, wato ɗan dunƙulen lantarki da ke ƙara sautin, samfurin LM3886. Kamfanin National Semiconductor ne ya ƙirƙiro wannan aisi, kuma tun da Texas Instruments ya sayi kamfanin a 2011 shi ke ci gaba da yin sa. Masu haɗa kayan sauti a gida suna son sa saboda ba ya neman tarkace da yawa a kewayensa. Takardar bayaninsa ta ce yana ba da wat 38 a sifika mai om 8 idan an ba shi bolt 28 kowane gefe, wat 50 kuma idan bolt 35 ne. Iyakarsa yana aiki ita ce bolt 84 in an haɗa gefen fozitib da na negatib, wato 42 kowane gefe.

Malamin ya sa taransifoma mai fitar da 25-0-25, wato bolt 25 kowane gefe, ƙarfinta wajen VA 200, da dayod huɗu, masu miƙar da wuta ta bi hanya ɗaya, samfurin 1N5408 masu ɗaukar amfiya 3. Bayansu sai manyan kafasitoci biyu na gwangwani, irin masu ruwan sinadari a ciki, kowacce maikrofarad 4,700, abin da ake rubutawa µF a jikinta, iyakar wutarta bolt 35, iyakar zafinta digiri 85. Aikin waɗannan biyun kamar na randa ne a gidan da famfo ke zuwa yana ɗaukewa: wutar Najeriya haz 50 ce, wato tana kai-komo sau 50 a daƙiƙa, bayan ta bi ta dayod huɗu tana cika kafasitar sau 100 a daƙiƙa, a tsakanin cikawa da cikawa kuma daga cikinta aisi ke ɗiba.

Sauran kafasitocin ƙanana ne. A bakin shigar sauti akwai ta gwangwani mai 1µF tare da razista, mai taƙaita gudun wuta, mai om 22,000. A layin da ke tsayar da yawan ƙarin sauti akwai 22µF a ƙarƙashin razista mai om 1,000, kamar yadda zanen kamfanin ya nuna. Dab da ƙafafun kowane aisi akwai 220µF da 0.1µF a kowane gefen wuta. A bakin fitar sauti kuma akwai wata 0.1µF haɗe da ƙaramar razista, aikinsu su hana aisin rawar da kunne ba ya ji.

Akwatin na ƙarfe ne, mai walda ya lanƙwasa masa, ramukan shan iska a baya kawai. Farantin alminiyum mai shan zafi yana ciki, manyan kafasitocin suna tsaye kusa da shi. Ana kunna na'urar kimanin awa shida a rana idan an haɗa wutar layi da ta janareta: labaran rediyo da safe, karatu, kiɗa, da ƙwallo a ƙarshen mako.

Farkon Maris: alamu uku

Uwargidansa ce ta fara lura da wani ƙugi ƙasa-ƙasa da dare idan gida ya yi shiru. Yana fitowa daga sifikun biyu, murɗa ƙara sama ko ƙasa ba ya canza shi, ko an zare wayar da ke kawo sauti yana nan. Bayan 'yan kwanaki abu na biyu ya bayyana: idan aka ɗaga ƙara, musamman wurin bugun ganga, sai sautin ya riƙa tsagewa. Na ukun ya daɗe yana faruwa, sai yanzu aka kula: bes, wato kaurin ƙasan sauti, na hagu ya sirance idan aka kwatanta da na dama.

Da ya buɗe murfi ya tarar kan babbar kafasitar gefen negatib ya kumbura, wani abu ruwan ƙasa ya bushe a kan tsagar da ke samanta. Ɗayar ba ta nuna komai ba a ido. Bai auna komai ba a wannan rana. Ya cire su biyun ya jefa a gwangwanin tarkace.

Ƙarshen Maris: canji na farko

A wani shagon kayan lantarki ya samu guda biyu an rubuta musu 15,000µF, bolt 50, da sunan wani fitaccen kamfanin Japan da ruwan zinariya. Kuɗinsu bai kai sulusin abin da wasu shaguna suka nema a kan 10,000µF ba. Ya ji ba su da nauyi a hannu, amma ya ɗauka ci gaban zamani ne.

Ƙugin ya ragu sosai a ranar. Tsagewar sauti ta ragu amma ba ta tafi ba, abin da bai kamata a gani ba idan da gaske an ninka ma'ajiyar wuta sau uku. Bes na hagu yana nan yadda yake. Kafin mako uku ƙugin ya dawo, ɗaya daga cikin sababbin kuma ta fara ɗumi ko ba a kunna sauti ba. Ya cire su.

Afrilu: canji na biyu, wanda ya kira ɗaga daraja

Wannan karon ya yi karatu kafin saye. Abin da ya fi cin karo da shi ra'ayi biyu ne da suka daɗe suna yawo tsakanin masu son sauti: cewa babbar ma'ajiya tana ƙara nauyin bes, da cewa kafasitar leda, wadda siririyar roba ce a cikinta maimakon ruwan sinadari, ta fi ta gwangwani tsabtar sauti. Ra'ayi na biyun ya samu karɓuwa tun 1980, lokacin da Walt Jung da Richard Marsh suka fitar da dogon rubutu a kan zaɓen kafasita a mujallar Audio ta Amurka.

Ya sa wani ɗan'uwansa ya aiko masa daga Legas da guda biyu na ainihi, 22,000µF, bolt 63. Da suka iso sai ga su sun fi wurin da aka tanada girma, ƙafafunsu ma na noti ne. Ya ɗaure su a kusurwar akwati, ya ja musu waya mai tsawon kusan santimita 20 zuwa fanel, allon da aka liƙa kayan a kai. Da yake fanel ɗin ya cushe, ya cire 220µF ɗin da ke gefen kowane aisi, bisa tunanin cewa manyan sun isa. Ƙananan 0.1µF kuwa ya mayar da su jikin manyan a can kusurwa, domin ya karanta cewa ana yi wa babbar kafasita rakiya da ƙarama. A bakin shiga ya cire 1µF ta gwangwani ya sa jar kafasitar leda mai lamba 104.

Abubuwa huɗu suka faru a jere.

Fis ɗin da ke gaban taransifoma, mai amfiya 1 irin mai saurin tsinkewa, ya tsinke a kunnawar farko. Na biyu ma haka. Ya sa mai amfiya 5, na'ura ta tashi.

Bes ya ɓace a ɓangarorin biyu. Dalilin yana cikin lambar: 104 na nufin 10 da sifiri huɗu a ma'aunin fikofarad, wato 0.1µF. Mai 1µF lambarta 105 ce. Kafasitar bakin shiga da razistar da ke bayanta suna yanke ƙasan sauti, kuma wurin yankan yana hawa idan kafasitar ta ƙanƙance. Da 1µF da om 22,000 yankan yana wajen haz 7, can ƙasa da abin da kunne ke ji. Da 0.1µF ya hau zuwa haz 72, tsakiyar wurin da babbar ganga take. Wannan ya gano da kansa bayan kwana biyu. Maimakon 105 sai ya sa manyan kafasitocin leda masu 4.7µF irin na cikin akwatin sifika, kowacce ta kai kaurin batirin tocila. Ba su shiga fanel ba su ma, sai ya rataye su da dogayen ƙafafu, ɗaya tana kallon taransifoma. Bes na dama ya dawo. Na hagu bai dawo ba. Sannan wani sabon ƙugi ya shigo, mai zurfi, wanda ke ƙaruwa idan an murɗa ƙara zuwa wajen kashi uku cikin huɗu, ya ɗan ragu idan an ƙure.

Na uku, farantin alminiyum ya riƙa zafin da hannu ba ya iya jurewa cikin minti goma, ko babu sauti. A bisa takardar bayani kowane aisi yana cin wajen miliamfiya 50 a zaune, zafin da bai kai wat 4 ba. Malamin ya ɗora laifin a kan zafin Afrilu, wanda a Kano kan haura digiri 40 da rana.

Na huɗu ya zo ne wani dare a ƙarshen watan da aka yi ta ɗauke wuta ana dawowa da ita. Taransifoma ta fara gurnani da ƙauri. Ɗansa ne ya yi sauri ya zare soket. Ɗaya daga cikin dayod huɗun ya narke a ciki ya zama waya miƙaƙƙiya, fis mai amfiya 5 kuwa ko gezau.

Mayu: aune-aune

Ya ɗauki na'urar da gwangwanin tarkacen ya kai wa wani dattijo mai gyaran rediyo da talabijin a unguwarsu. Dattijon ya dudduba, ya ce, "Malam, kafin ka sayi waɗannan manyan, ka taɓa auna wutar gidanka?"

"Baba, ai 230 ce."

"A littafi. Ka je ka auna safe, yamma da tsakar dare, ka rubuto mini."

Mako guda ya yi yana aunawa. Mafi ƙasa da ya gani bolt 190 da 'yan kai da magariba, mafi sama 251 bayan tsakar dare. Wannan ya bayyana mutuwar kafasitocin farko. Taransifomar da aka rubuta wa 25 tana ba da 25 ɗin ne idan tana ɗauke da cikakken kaya. A zaune takan ba da kusan 27. Kafasita kuma tana cika ne zuwa ƙololuwar igiyar wuta, wato a ninka da 1.414, a cire wajen bolt 1 na dayod. Bayan dattijon ya canza dayod sun auna: a wutar layi 230, kowane gefe yana dab da bolt 37, a 251 ya kai 40. Da ƙaramin janareta, lokacin da aka kashe dutsen guga, mita ta taɓa 41. Ke nan duk lokacin da wutar layi ta haura 220, kafasitoci masu bolt 35 suna zaune a saman iyakarsu. Masu ƙera su sukan yarda ta bolt 35 ta sha 44, amma na daƙiƙa 30 kawai, ba na dare guda ba.

Daga nan dattijon ya bi kafasitocin ɗaya bayan ɗaya da ƙaramar na'urar gwaji mai nuna yawan maikrofarad da turjiyar cikin kafasita, abin da takardun bayani ke rubutawa ESR. Wadda ta kumbura ta nuna wajen 400µF maimakon 4,700. 'Yar'uwarta ta nuna 3,600, ta ɗan sauka ƙasa da rangwamen kashi 20 cikin 100 da ake yi wa irinsu. Lissafin faɗuwar wuta tsakanin cikawa da cikawa mai sauƙi ne: a raba amfiya da 100, a sake rabawa da girman kafasitar a farad. Ɓangarori biyu a cikakken ƙarfi suna jan wajen amfiya 2 daga kowane gefe. Da lafiyayyar 4,700µF wutar na faɗuwa da bolt 4 da ɗoriya. Da wadda ta bushe, ko an haɗa da ƙananan da ke fanel, faɗuwar ta haura bolt 20. Tsagewar sauti ke nan. Ƙugin kuma ya fito fili ne domin LM3886 ya fi iya danne dattin gefen fozitib fiye da na negatib, kuma ta negatib ɗin ce ta mutu.

Ta 15,000µF ɗin nan sai da dattijon ya sa zarto ya yanka gindinta. A cikin babban gwangwanin akwai wata ƙaramar tsohuwar kafasita mai 2,200µF, bolt 35, an liƙa ƙafafunta da dalma a jikin na waje, sauran wurin iska.

Bes na hagu kuwa, wanda ya jure canji biyu, wata 'yar kafasita ce da ba ta kai kan ɗan yatsa ba ta cinye shi. Ta 22µF ta hagu tana manne da farantin zafi, ta bushe ta koma wajen 3µF. Tare da razista mai om 1,000, yankanta ya tashi daga haz 7 zuwa haz 53. Ta dama, wadda ke nesa da farantin, ta nuna 17µF, yankanta haz 9. Ƙananan gwangwanaye sun fi saurin bushewa saboda ruwan cikinsu kaɗan ne, kuma ba kasafai suke kumbura ba, shi ya sa ido bai kama ta ba.

Don rarrabe ƙugin sun kanga wayar salula mai manhajar nuna mitar sauti, wato yawan haz ɗinsa, a bakin sifika. Biyu suka gani. Ɗaya a haz 50, wanda ya tafi da zarar sun cire manyan kafasitocin ledar nan. Jikinsu da dogayen ƙafafunsu ne ke tsintar wutar taransifoma. Ɗayan a haz 100 da ninkinsa, duk da 22,000µF. Wannan ya ɗaure wa malamin kai. Bayaninsa shi ne babbar kafasita ba ta faɗuwa sosai, don haka lokacin da dayod ke buɗewa ya cika ta gajere ne, kuma duk wutar da aka ɗiba sai ta dawo cikin wannan ɗan lokacin da ƙarfi. Wannan bugun yana bi ta doguwar wayar giraun, wato wayar sifiri da wuta ke komawa ta kanta, a kan ita kuma malamin ya liƙa giraun ɗin sauti. Irin wannan bugun, tare da fizgar farko duk lokacin da wuta ta dawo kafasita tana fanko, shi ya gajiyar da dayod mai amfiya 3.

Zafin farantin ba na bazara ba ne. Dattijon ya taɓa razistar da ke bakin fitar sauti ya ji ta da zafi, alhali kafasitar da ke tare da ita ba ta barin wuta ta ratsa sai mai yawan haz sosai. Aisin yana rawa ke nan a mitar da ta wuce jin kunne, saboda an raba shi da ƙananan kafasitocinsa. Waya mai santimita 20 ba komai ba ce ga haz 100, amma ga irin wannan mita shinge ce. Da suka mayar da 0.1µF a ƙafafun aisi, zafin ya sauka nan take.

Na ƙarshe, sun rufe murfi suka sa wayar auna zafi ta mita kusa da mazaunin manyan kafasitocin. Bayan awa biyu na kiɗa da rana ta nuna digiri 64. Ƙa'idar da masu ƙera kafasita ke bayarwa ita ce kowane ragin digiri 10 yana ninka rayuwarta. Mai awa 2,000 a digiri 85 za ta yi wajen awa 8,000 a digiri 65. A awa shida kullum, shekara uku da wata takwas ke nan. Ba kullum akwatin ke kai wannan zafi ba, amma yawan bolt ya cinye rarar da damina da hunturu suka bayar.

Yuni: canji na uku, kowane gurbi da hujjarsa

A manyan biyu sun tsaya a kan 10,000µF, bolt 50, digiri 105, faɗin milimita 30 da tazarar ƙafa milimita 10, wanda ya zauna a fanel bayan an ɗan faɗaɗa ramuka. Malamin ya so ya mayar da na 22,000µF tun da ya riga ya biya. Lissafi ya nuna a amfiya 2, ta 10,000 na faɗuwa da bolt 2, ta 22,000 da bolt 0.9. Ribar bolt ɗaya a kan talatin da wani abu ba ta kai rabin desibel ba a ƙarar sauti, ga wahalar da take ɗora wa dayod, fis da taransifoma, ga dogayen wayoyi. Game da bolt, 50 ya bar rarar bolt 10 a kan 40. Ba su nemi 63 ba domin kafin wuta ta kai 50, aisin da iyakarsa 42 ya riga ya shiga hatsari. Sun kuma duba adadin amfiyar bugu da takardar bayani ta yarda kafasitar ta sha, suka ga ta haura amfiya 3. Kafin a biya, an auna kowacce a gaban mai shago, an kuma gwada nauyinta a hannu da na wata da aka tabbatar.

A gurbin 22µF sun sa 100µF, bolt 25, digiri 105, irin marar fozitib da negatib, suka karkatar da ta hagu nesa da farantin. Yankanta ya sauka zuwa haz 1.6. Hujjar ƙara girman tana cikin gwaje-gwajen injiniyan Ingila Douglas Self, wanda ya nuna kafasitar gwangwani tana gurɓata sauti ne idan wani ɓangare na sautin ya tsaya a kanta, wato kusa da wurin yankanta. In aka ba ta girma yadda yankan zai yi can ƙasa, gurɓatar takan sauka har ta ɓace a awo. Akwai riba ta biyu: ko ta bushe ta rasa rabinta nan gaba, bes ba zai taɓu ba. Ta leda mai 100µF kuwa ba ta da wurin zama a wannan akwati.

A bakin shiga sun sa ƙaramar leda, foliyesta, lamba 105, bolt 63, ƙafafu a gajarce. A haz 20 asararta wajen rabin desibel ce, sifikun malamin kuma ba sa sauka ƙasa da haz 50 da wani ƙarfi. A nan leda ta dace: ba ta bushewa, ba ta yoyon wuta, kuma a 1µF ƙarama ce mai araha. Mai shago ya miƙo masa ta tangaran mai lamba 105, dattijon ya hana. A cikin na tangaran, masu tambarin Y5V suna iya rasa har kashi 82 cikin 100 na girmansu idan zafi ya canza, su da X7R kuma girmansu yana sauyawa da yawan bolt ɗin da ke kansu, wasu har sukan tsinci girgiza su mai da ita ƙara. A hanyar sauti, ta tangaran da ake yarda da ita ita ce C0G, ita kuma a ƙananan girma aka fi samunta.

A ƙafafun aisi sun mayar da 220µF, wannan karon bolt 50 da digiri 105, tare da 0.1µF X7R mai bolt 100 a liƙe kusan a kan ƙafar. A wannan gurbin X7R ba ta da laifi, domin sauti ba ya bi ta cikinta, abin da ake nema ƙanƙanta da gajeren ƙafa. Ta bakin fita an sa sabuwar leda mai bolt 100.

Sauran gyaran ba na kafasita ba ne, amma ba don shi ba da ba su zauna lafiya ba. Dayod huɗun an maye su da dunƙulallen KBPC3510 mai amfiya 35, an ɗaure shi a jikin akwati. Fis ya koma amfiya 2 mai harafin T, irin mai jinkirin tsinkewa, wanda ke jure fizgar kunnawa amma ya tsinke idan wani abu ya haɗe. An ɗauke giraun ɗin sauti daga hanyar bugun caji, aka ba shi gajeriyar waya tasa daga tsakiyar manyan biyu. An sa razista mai om 3,300, wat 2, a kan kowace babba don ta zubar da wuta bayan an kashe. Masu gyara da yawa suna yin wannan da bakin sukudireba, kuma tartsatsin yana cin ƙafar kafasita da bakin sukudireban tare. An huda murfi da ƙasan akwati. Kunnawar farko an yi ta ne ta cikin ƙwan fitila mai wat 60 da aka jera da wayar wuta: ya haska, ya dushe, alamar babu abin da ya haɗe.

Malamin bai haƙura da manyan ledojin nan ba sai da ya gwada. Ya sa ɗaya a dama, a wajen akwati nesa da taransifoma, ya bar ƙaramar foliyesta a hagu, ya aika sauti iri ɗaya, ɗansa yana sauya wayar sifika ɗaya tsakanin ɓangarorin shi kuma ya juya baya. Wani lokaci ya dace, wani lokaci ya kuskure, har ya gaji ya cire ta.

Daga Yuli zuwa bazarar da ta biyo baya

Ƙugi ya tafi, sai an kanga kunne a jikin sifika ake jin ɗan huci. Mita ta nuna ƙasa da milibolt 1 a bakin fita idan babu sauti. Bes na hagu da na dama sun daidaita. Fis bai sake tsinkewa ba duk da ɗauke-ɗauken wutar damina. A watan Janairu ƙurar hunturu ta toshe ramukan ƙasa, ya buɗe ya hure. A Afrilu ya maimaita awon zafi a wuri ɗaya da lokaci ɗaya, ya samu digiri 53. A digiri 55, mai awa 2,000 a digiri 105 lissafinta awa 64,000 ne, ko da yake masu ƙerawa ba sa alkawarin fiye da shekara 15 saboda robar da ke toshe gindin tana tsufa ko ana aiki ko ba a yi. Manyan 22,000µF ɗin ya sayar wa wani mai haɗa amfilifayar biki, a kan ƙasa da abin da ya saya.

Hukunci

Kuskuren da ya fi tsada an yi shi ne tun ranar haɗa na'urar: bolt 35 a kan taransifoma 25-0-25. Ko a ƙasar da wuta ba ta motsi daga 230 wannan zaɓi ba shi da rara, balle a gidan da take kai 251. Digiri 85 a rufaffen akwati a Kano ya ƙara gajarta kwanan.

Canji na farko ya faɗi ne saboda jabu, kuma alamunsa biyu suna hannu tun a shago, arha da rashin nauyi. Na biyu ya fi ba da darasi, domin duk kayan na ainihi ne, masu kyau, kuma kowannensu ya ƙara dagula na'urar: babba ta kashe dayod, ta leda ta jawo ƙugi, cire ƙanana ya sa aisi rawa. A ganina fis mai amfiya 5 shi ne mafi hatsari a cikin duka, tun da fis na farko gaskiya ya faɗa aka toshe masa baki. Na uku ya yi nasara ne saboda an auna wutar gida, zafin akwati da kowace tsohuwar kafasita kafin a sayi ko ɗaya, sannan aka tambayi kowane gurbi abin da yake bukata: manyan biyu bolt da juriyar zafi, ta 22µF girma, ta bakin shiga ƙanƙanta da rashin bushewa, na gefen aisi kusanci. Daga cikin alamu ukun Maris, wadda ta fi daɗewa tana damun sa, wato bes na hagu, kafasita mafi arha a fanel ce ta warkar da ita.

Abu ɗaya bai warware ba. Bolt 41 da aka gani a janareta saura ɗaya ya taɓa iyakar aisin, kuma babu kafasitar da za ta gyara wannan. A yanzu yana bi da na'urar ta sitabilaiza. Gyaran dindindin shi ne taransifoma 22-0-22, wadda za ta ba da wajen bolt 32 a wutar layi 230, da 35 a 250. Zai rasa 'yan wat a ƙololuwar ƙara, kuma ya ce zai saya idan an biya albashi.